Ranar da Yero Ya Ɗanɗana Miya

Duk wanda ya taɓa sauka daga kar, babbar motar fasinja, a tashar Dogon Dutsi da yunwa a cikinsa ya ci abincin Yero, ko ya san sunansa ko bai sani ba. Shi ne dogon nan siriri mai farar hula da ke leƙowa ta tagar kicin yana harara kamar an taka masa ƙafa. Ba harara yake yi ba, haka Allah ya yi fuskarsa. Ni na san shi tun ba shi da hular, tun yana wanke kwanoni a rumfar Asiya. Yanzu na ji yaran tasha sun fara cewa wai a wani babban otel na Yamai ya tashi, shi ya sa na ga gara in faɗi yadda abin yake tun ƙaryar ba ta yi nisa ba.

Bafillace ne daga wata ruga ta bayan Kore Mairuwa. Ubansa yana da shanu, ba masu yawa ba, amma dai shanu. Wata shekara damina ta yi gardama, wadda ta biyo baya ciwo ya shiga garken. Abin da ya rage aka raba tsakanin 'yan'uwa, Yero ya tashi da sanda da akuya. Lokacin ya riga ya yi aure. Matarsa Binta ɗiyar wani dattijo ce mai suna Tukur, wanda shi nasa shanun ba su mutu ba, kuma bai taɓa barin kowa ya manta da haka ba. Yero ya ga in ya zauna ruga zai ƙare yana bin shanun surukinsa har tsufa. Sai ya bar wa Binta akuyar ya shigo Dutsi neman aiki.

Asiya ƙawata ce, tare muka shiga kolej. Ita ta bari da wuri ta kama tukunya, ni na ƙarasa na kama aikin ofis, kuma har yau ban tabbata wadda ta fi wayo cikinmu ba. Rumfarta tana bakin kwalta inda direbobin kamiyo, manyan motocin kaya, ke tsayawa. Shinkafa da miya, dafa-duka, dambu da zogale, ranar kasuwa kuma zabi. Tun da na ajiye aiki, maigidana kuma ya rasu, ban ga dalilin hura wuta don baki ɗaya ba. Kullum da rana ina rumfar Asiya. Saboda haka a gabana Yero ya fara tsayawa a bakin rumfar, sanda a kafaɗa, yana roƙon ruwan sha.

Wanda ba ɗan nan ba ne ya kamata ya san abu ɗaya. Tsakaninmu Arawa da Fulani akwai wasa tun kaka da kakanni. Mu zage su, su zage mu, kowa ya ce ɗayan bawansa ne, wanda ya yi fushi shi ya ji kunya.

Asiya ta miƙa masa moɗa ta ce, "Kai bawan Arawa, ina shanun?"

Ya juya baya ya sha ruwan, sannan ya juyo ya ce, "Suna hutawa, Inna."

"Kai kuma mi ya kawo ka?"

"An ce mini yadda Arawa ke cin abinci abin kallo ne. Na zo in gani da idona."

"To madalla. Ga kwanoni can, zauna ka yi kallon da hannunka cikin ruwa."

Haka aka ɗauke shi aiki. Ba takarda, ba tambaya.

Daga wanke-wanke ya koma ɗibar ruwa da faskare. Da Asiya ta lura yadda yake duban naman da mahauci ke kawowa yana girgiza kai, sai ta fara aikensa mahauta, tun daga ranar kuma aka daina kawo mana tsohuwar tunkiya da sunan rago. Daga nan yankan albasa, daga nan tsayuwa kan shinkafa. Ba wanda ya ce masa zo in koya maka. Asiya ba ta koyarwa, faɗa take yi, wanda ya iya tsintar darasi cikin faɗan shi ke nan ya ƙaru. Yero ya iya. Wata rana zazzaɓi ya kayar da ita, ya dafa miyar shi kaɗai. Direbobi suka ci ba su lura ba, sai wani mai dogon baki da ya ce miyar yau ta fi ta kullum. Asiya ta warke, amma direban nan har ya daina bin hanyar ƙashi yake samu a kwanonsa.

Bayan 'yan shekaru Yero ya kama ɗaki a gari ya kawo Binta, suka fara tara yara. Tukunyar kuwa ta zama tasa a komai ban da suna. Asiya ta koma zama kan kujera tana ba da umurnin da an riga an yi.

Amma duk tsawon shekarun nan ba wanda ya taɓa ganin Yero yana tauna wani abu. Fulanin daji suna ɗaukar ci a gaban mutane abin kunya ne, kamar ka nuna wa duniya cikinka ya fi ƙarfinka. A gaban suruki kuwa ba a ma zancen. Suruki ba ya ci a gabanka, ba ka ci a gabansa, ko sunansa ba ka kamawa. Yero yakan ɗauki kwanonsa ya zagaya bayan zana inda ake tara itace, ya dawo yana goge baki kamar ya je duba itacen ne. Ɗanɗana miya a bakin murhu, a idon direbobi, wannan ba ya cikin tsarinsa. Hannunsa ya san gishirin Asiya, irin mai tsakuwa da ake aunawa a kasuwa, hancinsa ya san sauran. In ya yi shakka sai ya miƙo ludayi wajenmu.

"Goggo, ji wannan," yakan ce mini. "Ku ba ku da kunyar ci."

Ni kuwa ban taɓa ƙi ba. Shekara da shekaru ni ce harshen Yero, kuma ban yi da-na-sani ba.

Abu biyu suka zo lokaci ɗaya. Gwiwoyin Asiya suka ƙi, ɗanta da ke Dosso ya matsa ta koma wajensa, mai filin rumfar kuma ya ce gini zai yi. Rumfa dai ta zo ƙarshe. A daidai lokacin wani ɗan kasuwa, Alhaji Abdurrazak, yana ƙarasa ginin gidan abinci a sabuwar tasha, da firji da murhun gas da kujeru na gaske. Yana neman shugaban kicin, amma ya ce sai mai takarda, don masu kar ba za su tsaida fasinjojinsu inda ba a yi wa mai dafuwa horo ba. Ga kuma wata ƙungiya ta kawo horon 'yan watanni na masu dafuwa da masu kai abinci tebur. Alhaji ya ce cikin waɗanda suka ci jarrabawar ƙarshe zai zaɓa.

Labarin rufe rumfa bai kwana ba ya kai Kore Mairuwa. Tukur ya aiko wa ɗiyarsa saƙo mai daɗin ji: kada mijinta ya damu, shanu suna buƙatar mai kai su kudu, wuri na nan. Ma'anarsa kowa ya gane. Yero ya ɗauki sanda ya bi shanun da ba nasa ba rabin shekara ko fiye, Binta da yara su koma ruga su zauna ƙarƙashin alherin tsohon. Binta, wadda ta saba da ruwan famfo kuma yaranta suna lakwal, wato makarantar boko, ta dubi mijinta ta ce, "Je ka rubuta sunanka."

Mai horon wata gajeriyar mata ce daga Yamai, Madam Rahina, ta yi aiki a manyan otel, muryarta ta ninka jikinta. Ta fara da wanke hannu da yanke farce, abin da ya ɓata wa manyan mata rai, don suna ganin sun girmi a koya musu wanka. Ta koya musu katakon yanka nama daban, na ganye daban, abin da ke shiga firji da abin da ba ya shiga, yadda ake ajiye faranti gaban baƙo ba tare da babban yatsa ya yi iyo cikin miya ba. Yero ya fi kowa iya wuƙa. Gas ne ya ba shi tsoro da farko, yakan kunna ashana ya miƙa hannu daga nesa kamar mai ba zaki nama. Wannan ya wuce cikin 'yan kwanaki.

Matsalar ta fito ranar da aka ce kowa ya dafa miyarsa. Gishirin wurin irin na leda ne, fari, laushi kamar gari. Yero ya ɗebo da hannu yadda ya saba ɗibar na Asiya, ya zuba. Madam ta zo ta sa cokali a baki, ta rufe ido, ta nemi ruwa.

"Yero, ka ɗanɗana wannan kafin ka kira ni?"

"A'a, Madam."

"Don mi?"

"Ba na jin yunwa, Madam."

Ajin ya fashe da dariya. Madam ba ta yi ba. Ta ce doka ɗaya ce ba ta da sassauci: kowane mai dafuwa ya ɗanɗana abin da ya dafa da cokali mai tsabta, a gabanta, kafin abinci ya bar kicin, cokalin kuma ba ya komawa tukunya. Ranar jarrabawa wanda bai yi ba ya faɗi, ko da miyarsa ta fi ta kowa. Wata ta raɗa mata cewa Bafillace ne. Madam ta ce ta sani, ta kuma san kunyar. Amma shugaban kicin ba tukunya ɗaya gare shi ba. Wasu ke dafawa, shi yana bi yana ɗanɗanawa, kar na jira a waje, direba na danna oda. Ba zana a kicin ɗin Alhaji da zai riƙa zagayawa.

Gaskiya ta faɗa, kuma Yero ya san gaskiya ce, shi ya sa ya dawo rumfa da yamma ya zauna kan turmi kamar an yi masa mutuwa.

"Inna, gara in tahi kiwon," ya ce.

Asiya ta ce, "Tahi mana. Shanun tsohon nan ba za su ce ka ɗanɗana ciyawa ba. Amma tsaya in tambaye ka. Gaban wa kake jin kunyar ci?"

"Gaban mutane."

"Mu nan fa? Ni da wagga tsohuwa?"

Ya dube mu da kyau, sannan ya ce, "Ku ai Arawa ne."

"To ka gani!" Asiya ta buga cinya. "Mi kake jira? Miƙo masa cokali."

Na miƙa masa. Ya riƙe shi kamar wuta ce a ciki. Ya duba hanya hagu da dama, ya rufe ido, zufa na zuba, ya kai baki. Muka yi guɗa, saura kaɗan ya ƙware. Da ya dawo hayyacinsa abin da ya fara cewa shi ne, "Inna, daddawar ta yi yawa." Asiya ta ce ashe da ma rashin kunyar yana nan kwance, cokali yake jira.

Daga ranar muka sa shi gaba. Yau gabanmu, gobe gaban direba ɗaya, jibi gaban rumfa cike. Kafin ya ɗaga cokali yakan ɗaga murya ya ce, "Akwai Bafillace a nan?" In aka ce babu, sai ya ce, "To ba kowa ke nan," ya kai baki. Direbobi suka mai da abin wasa, har wanda ba ya jin yunwa yakan tsaya don ya ji an ce masa ba kowa ba ne. A aji ma haka. Yawancinsu Arawa ne, sai Zabarmawa kaɗan da ya haɗa su cikin lissafin. Madam kuwa ya yanke hukunci da kansa cewa mai irin wannan murya ba za ta rasa jinin Arawa ba. Kafin horon ya ƙare Yero yana ɗanɗana tasa miyar, yana ɗanɗana ta maƙwabta, yana ba da shawarar da ba a tambaye shi ba.

Ranar jarrabawa muka tafi da Asiya, tana dogara sanda tana zagin gwiwoyinta. An jera murhuna ƙarƙashin rumfa a tsakar gidan horon, an kafa teburin manyan baƙi yana fuskantarsu. Kowane ɗalibi zai dafa nasa, ya ɗanɗana a gaban Madam, ya kai wa baƙi, su ci su faɗi ra'ayinsu. Wanda farantinsa bai hau tebur ba kafin kiran sallar azahar, ya fita. Baƙin su ne wakilin magajin gari, da Alhaji Abdurrazak, da wata daga ƙungiyar, sai kujera ɗaya ta shugaban makiyaya, don ƙungiyar tana aiki da masu kawo nono. Kujerar ta daɗe ba kowa. An ce shugaban ba ya da lafiya, zai aiko mataimakinsa.

Mataimakin ya iso rana ta take, da rawani da malfa da sanda. Tukur ne.

Aka kai shi kujerarsa, wadda ke kallon murhun Yero kai tsaye. Yero na ganinsa ya durƙushe bayan murhu. Madam ta zaci wuƙa ya yar. Tsohon ya zauna ya gicciya sanda kan gwiwa, ya dubi sama, ya dubi takalminsa, ya dubi ko'ina ban da gabansa. Aka kawo masa farantin ɗalibar farko, bai taɓa ba. Na biyu ma haka. Ba zai ci ba surukinsa na tsaye yana iya ganinsa.

Asiya ta matse mini hannu ta ce, "Mun shiga uku. Ga mutum ya zo."

Zabuwa Yero ya zaɓa, da miyar jajjage da farar shinkafa. Ya miƙe ya ci gaba da aiki kansa a ƙasa, kuma ƙamshin ya isa har inda muke. Ɗalibai suna ta wucewa ɗaya bayan ɗaya. Inuwa ta taƙure. Madam ta iso gabansa da kwandon cokula.

"Yero, cokali."

Ya ɗauka. Ya tsoma. Ya ɗago har kusa da haɓa, sai hannun ya tsaya can. Ya mai da shi ƙasa a hankali.

"Madam, ta yi."

"Ni ma na ji ƙamshi. Hanci ba ya jin gishiri."

"To ki ɗanɗana ke, Madam."

"Ni ba aiki nake nema ba. Mi ya same ka? Jiya har tukunyar wasu kake bi."

Ya yi magana ƙasa-ƙasa, ba ta ji ba. Asiya ta ja ƙafa ta je ta gaya mata cewa mai rawanin can uban matarsa ne. Madam ta dubi tsohon, ta dubi Yero, ta sauke murya, abin da ban taɓa jin ta yi ba.

"Na gane," ta ce. "Amma ba zan ɗaga doka don mutum ɗaya ba, sauran duk sun bi ta. Kuma ba zan kori baƙon da aka gayyata ba. Yero, zan je wajen ta gaba in dawo. In na dawo ladan bai kira ba, kana da dama."

Ta wuce. Yero ya tsaya da cokali a hannu yana kallon tukunya. Na san abin da yake gani a ciki: shanun Tukur sun miƙa kudu, shi yana bayansu.

Asiya ba ta dawo wurin zamanta ba. Ta nufi teburin manya, sanda na ƙwanƙwasa siminti, ta tsaya gaban Tukur ta riƙe ƙugu. Wata mace ba za ta iya ba. 'Yar Arawa a gaban Bafillace tana iyawa, ko gaban wa.

"Tsohon bawanmu, wa ya ba ka kujera cikin mutane?"

Tukur bai ɗago ba ya ce, "Na ji ana ta da murya, na san ko dai jaki ko 'yar Arawa."

"Ka zo ka zauna kamar kututture, ba ka ci ba, ba ka bar wani ya ci ba. Ko ka zaci ba mu gane ba? Makiyayin banza kake nema. Shi ya sa ka zo ka kafa wa yaro ido, ya faɗi, ka samu mai bin shanunka ba ko sisi, ɗiyarka ta koma ɗaukar tulu."

Wasa ne, kowa ya san wasa ne, amma irin wasan da ke da ƙaya a ciki. Wakilin magajin gari ya fara gyara hula. Tukur ya daɗe yana murza sandarsa. Ni dai na ga kunnensa ya motsa a wajen maganar tulu.

"Bakinki ya fi tukunyarki faɗi," ya ce daga ƙarshe. "Wane yaro? Ni ban ga kowa ba. Abin da ya dame ni daban ne. An zaunar da ni na ba dutsenku baya. Tun ina ƙarami nake jin Arawa na cika baki da shi, wai dogo, wai dogo. Kullum in na shigo gari ina sauri. Yau da na samu zama, bari in dube shi da kyau."

Ya miƙe, ya ɗaga kujerar da kansa, ya juya ta, ya zauna ya ba murhuna baya, fuskarsa na kallon dutsen ta saman katanga. Ya ƙara jawo malfa gefe yadda ko wutsiyar ido ba za ta yi kuskure ba. Wakilin magajin gari ya kama hannun tasa kujerar zai juya, yana zaton tsarin bikin ne, sai da Alhaji ya riƙe masa riga.

Madam ta dawo. Ta miƙa masa sabon cokali. Yero ya dubi bayan surukinsa, ya tsoma, ya kai baki. Fuskarsa ta canja. Tsoron abin da ya faru ranar miyarsa ta farko a aji ya sa ya rage hannu, miyar lami ce. Da an kai ta tebur haka, da ƙamshin bai cece shi ba. Ya ƙara gishiri, ya juya, ya jira ta tafasa, ya ɗauki wani cokalin ya sake ɗanɗanawa. Madam ta ɗanɗana nata, ta gyaɗa kai, ta ce ya zuba.

Ya kai wa kowa farantinsa yadda aka koya masa. Na Tukur ne ba a koya masa ba, don ba tebur a gaban tsohon. Ya zo ta baya, ya durƙusa, ya miƙa farantin ta gefen kujera yana kallon ƙasa. Hannu ya fito daga cikin riga ya karɓa, mai hannun yana kallon dutse. Yero ya ja da baya ya ɓace bayan tankin ruwa. Bai gama ɓacewa ba ladan ya kira salla.

Tukur ya ci. Ina zaune inda nake ganin gefensa, kuma na shaida bai bar wa zabuwar nan komai ba sai ƙashi. Da aka zo jin ra'ayin baƙi, Madam ta zagaya ta tsaya gabansa.

"Baba, mi ka gani?"

"Dutsen ba shi da wani tsawo. Ƙaryar Arawa ce."

"Miyar fa?"

Ya goge gemu ya ce, "Ban san wanda ya dafa ta ba. Amma ko wane ne, kada a kai shi daji. Shanu ba su san miya ba, asara za a yi."

Daga bayan tanki aka ji wani ya yi tari.

Ba Yero ya zo na ɗaya ba, kada in ƙara masa abin da ba nasa ba. Wata yarinya Nazifa ce, kuma ta cancanta, tana Yamai yanzu a wani otel. Madam ta rage masa maki saboda jinkiri, ta gaya masa a fuskarsa. Amma ya ci, ya samu takardarsa, Alhaji Abdurrazak kuma ya ce shi zabuwar nan ta ishe shi shaida. Tukur ya ɗauki wani makiyayin. Binta ba ta koma ɗaukar tulu ba.

Yau Yero yana da mutane ƙarƙashinsa, kuma an ce ya fi Madam tsanani. Daga bakin ƙofa kana jin muryarsa yana cewa, "Cokali! Wa ya dafa wannan bai ɗanɗana ba?" Duk sabon da aka ɗauka shi ke koya masa, tun daga farce. Asiya tana Dosso, takan buga masa waya ta ce daddawarsa ta yi kaɗan, alhali rabonta da miyarsa tun ranar zabuwa. Tukur yakan biyo ranar kasuwa. Akwai ɗan tebur a kusurwa mai kujera ɗaya da ke kallon taga, ma'aikata sun san na wane ne, kuma da tsohon ya shigo Yero yakan tuna yana da aikin gaggawa a ɗakin ajiya. Ta tagar ba a ganin dutsen, rumfar mai facin taya ake gani, amma tsohon bai taɓa ƙorafi ba.

Wadda ta yi asara a duk lamarin ni ce. Ba mai miƙo mini ludayi yanzu. Shekaranjiya na leƙa ta tagar kicin na ce masa, "Kai bawan Arawa, ba ka buƙatar a ji maka gishiri?"

Ya tsoma cokali ya kai bakinsa a gabana, yana kallona ido cikin ido, ya haɗiye.

"Ya ji, Goggo," ya ce. "Je ki zauna a kawo miki. Kuma ki bar wa fasinjoji kaɗan."